Kwantiragin intanet ɗin gidana ya kusa ƙarewa: in zauna ko in koma wani kamfanin faiba?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Kwantiragin intanet ɗin gidana zai ƙare ƙarshen wata mai zuwa, kuma kamfanin ya turo saƙo cewa daga nan farashi zai tashi. Ana cikin haka sai ga wani sabon kamfani ya ja wayar faiba a layinmu, 'yan tallansu sun hana mu sakat da ƙwanƙwasa ƙofa. Wai saurin megabit 900, kuɗin kuma bai kai abin da nake biya yanzu a kan 150 ba. Mu shida ne a gidan. Uwargida tana koyarwa ta bidiyo, yara kallo da wasa, ni kuma aikin ofis jefi-jefi. Wanda nake da shi ba ya damuna sosai, sai dai da daddare yakan yi nauyi. In zauna ko in yi gaba? Wanda ya taɓa sauyawa ya gaya mini abin da ya tarar.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, 900 a kuɗin da bai kai na 150 ba, kuma har kana tambaya? Sa hannu kawai kafin su farka.

Dattijo: Yaro, araha ba ta ado. Bari masu sani su yi magana tukuna.

Injiniya Mai Kebul: Wa alaikumus salam Baban Ilham. Kafin maganar 900 ko 150, tambaya ɗaya: wanda kake da shi yanzu, faibar ta shigo har cikin gidanka ne, ko a bakin titi ta tsaya? Kamfanoni da yawa sun daɗe suna sayar da abin da suke kira faiba alhali zaren gilashin a akwatin unguwa yake ƙarewa, daga nan tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe ce ke ƙarasowa gida. Ita kuwa wayar jan ƙarfe, gwargwadon nisanka da akwatin gwargwadon raguwar saurinka, ga danshi da tsatsa suna cin ta. Wasu kuma kebul irin na talabijin ne ke ƙarasawa, shi yana da saurin saukewa amma ɗorawarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ruɗanin ya yi yawa har hukumar sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta fitar da ƙa'idar da ta fara aiki a Satumbar 2024 cewa dole kamfani ya faɗi ainihin irin wayar da ke isa gidan mutum, kada ya fake da kalmar faiba kawai.

Yadda za ka gane: duba bango. In akwai ƙaramin akwati da aka kafa, wata siririyar waya mai kai kore ta shiga cikinsa, yana da fitilu masu rubutu kamar PON da LOS, to wannan shi ne ONT, faibarka ta gaskiya ce. In kuwa rautarka a soket ɗin tarho take, ba ka shigo ba tukuna. A takarda kuma ka nemi FTTP ko FTTH, wato faiba har cikin gida. In ka ga FTTC, ta bakin titi ce.

Baban Ilham: Akwai akwatin, Injiniya. Fari ne, fitilar PON kore ce, LOS a kashe.

Injiniya Mai Kebul: Madalla, haka ake so. LOS in ta kunna ja, hasken ya yanke ke nan. To yanzu mun san faiba da faiba muke gwadawa. Ka yi mini abu guda yau da daddare, lokacin da kake cewa yana nauyi: ɗauki kwamfuta, ka haɗa ta da rauta da kebul, ka kashe mata Wi-Fi, ka yi gwajin sauri. Sannan ka cire kebul ɗin, ka je ɗakin da aka fi kuka da shi ka sake gwadawa ta Wi-Fi. Ka kawo mana lambobin duka, har da na ɗorawa.

Malama Mai Lissafi: Kafin dare ya yi, Baban Ilham, bari in taɓa ɓangaren kuɗi, don nan ne ake yanka mutane ba su sani ba. Farashin da ɗan talla ya faɗa maka na wata nawa ne? Ba ya faɗin wannan sai ka tambaya. A ce kwantiragin na wata 24 ne, an ce maka rabin farashi na wata 6 na farko. A kunne kamar an raba kuɗin biyu. A lissafi kuwa wata 3 kawai aka yafe maka cikin 24, wato ragin kashi 12.5 cikin ɗari. Don haka ka ɗauki biro: kuɗin kowane wata tun daga na farko har na ƙarshe, ka tara, ka sa kuɗin haɗawa, ka sa hayar rauta in akwai, ka raba da yawan watannin. Abin da ya fito shi ne farashin gaskiya, shi za ka gwada da na ɗayan.

Sai kuma ƙarin tsakiyar kwantiragi. Wasu kamfanoni suna rubuta cewa kowace shekara za su ƙara kuɗi, kai kuma ba ka da ikon fita saboda ka sa hannu a kai. A Birtaniya an yi shekaru ana ɗaure ƙarin da hauhawar farashin kaya, wato kana sa hannu a kan adadin da ba wanda ya san shi. Daga 17 ga Janairun 2025 aka hana haka a sababbin kwantiragi, dole a rubuta ƙarin da ainihin adadin kuɗi tun ranar farko. A Amurka kuma tun Afrilun 2024 hukumar FCC ta wajabta wa manyan kamfanoni fitar da wata takardar bayani mai nuna farashi da sauri da kuɗaɗen gefe a wuri ɗaya. Ko ƙasar da mutum yake ba ta da irin waɗannan dokoki, tambayar tana nan: za ku ƙara mini kafin wa'adi ya cika? Nawa? Ku rubuta mini.

Dattijo: Ni dai abin da na sani, kamfanin da na fara da shi, shi nake da shi har gobe. Ban taɓa neman wani ba. Waɗannan sababbin, yau suna nan gobe wani ya saye su, ko su durƙushe su bar ka da waya a bango. Wanda ka sani ya fi wanda ba ka sani ba, ɗana.

Gwanin Ciniki: Baba, Allah ya ƙara girma, amma da izininka zan ja da wannan. Zaman da kake yi ɗin nan kamfanin ba ya ganinsa a matsayin amana, ganinsa yake a matsayin mutumin da ba ya duba takarda. Tsarin kasuwar ke nan kusan ko'ina: sabon shiga a ba shi rangwame, wanda wa'adinsa ya cika bai ce uffan ba a mayar da shi kan cikakken farashi. Shi ya sa ma a Birtaniya tun Fabrairun 2020 aka tilasta wa kamfanoni su sanar da mutum kwana 10 zuwa 40 kafin kwantiraginsa ya ƙare, su kuma gaya masa mafi sauƙin tayin da suke da shi. Da suna yi don kansu da ba a kafa doka ba. Baba, ka duba abin da kake biya da abin da suke tallata wa baƙi yau, ka dawo ka ba mu labari.

Dattijo: To, ɗan zamani. Zan sa jikata ta duba. Amma maganar durƙushewa ba ka amsa ba.

Injiniya Mai Kebul: Baba yana da gaskiya a wani ɓangare, sai dai abin bai kai yadda ake tsoro ba. Wayar da aka riga aka binne ko aka rataya a kan sanda dukiya ce mai tsada, in kamfani ya gaza yawanci wani ne ke saye ya ci gaba da aiki da ita. Abin da kan canja shi ne suna, da farashi, da ingancin masu ɗaukar waya.

Amma wannan ya kawo mu kan abin da na fi so mutane su gane. Mai waya daban, mai sayar maka da intanet daban, a wurare da yawa. Kamar titi ne guda ɗaya da kamfanonin motocin haya daban-daban ke bi: ka sauya mota, ramin titin yana nan. A Birtaniya Openreach ce ke da wayar da BT da Sky da TalkTalk da wasu da dama ke sayarwa a kai, CityFibre ma tana da tata da wasu ke haya. A Ostareliya NBN ce, a New Zealand Chorus ce ke da kaso mafi girma. In ka sauya tsakanin kamfanoni biyu da ke kan waya ɗaya, akwatin bangonka ba ya canjawa, sau da yawa ma ba mai zuwa gidanka, rauta kawai za a aiko. In matsalarka daga wayar take, ka ɗauke ta ka tafi da ita. In kuwa sabon kamfanin tasa wayar ya ja, kamar yadda Baban Ilham ya bayyana, to sabon aiki ne gaba ɗaya: sabuwar huda a bango, sabon akwati, ranar zuwan ma'aikata. Wahalarsa ta fi yawa, amma yana da wata fa'ida babba, layukan biyu za su iya aiki tare a lokaci guda har ka tabbatar.

Baban Ilham: Na dawo da sakamako. Da kebul, wajen ƙarfe tara na dare: saukewa 148, ɗorawa 29. Ta Wi-Fi a falo kusa da rauta, 120. A ɗakin yara na sama, 11, wani gwajin ma 6. A ɗakin da uwargida ke koyarwa, 18.

Injiniya Mai Kebul: To ka gani. Kamfaninka yana kawo maka abin da ka saya har bakin ƙofa, a lokacin da kowa ke kan layi. Nauyin da kake ji a cikin gidanka yake. Ka sayi 900 gobe, ɗakin yara zai ci gaba da ganin 11 ɗinsa, don bango da bene ne ke cinye siginar, da daddare kuma rautocin maƙwabta duk suna cunkushe a zango ɗaya, musamman na 2.4 GHz. Na 5 GHz ya fi sauri amma ba ya ratsa bango sosai, na 6 GHz da ke zuwa da Wi-Fi 6E da 7 ya fi shi gajeren zango. Maganin shi ne a fitar da rauta daga lungu a kai ta tsakiyar gida, ko a sa na'urorin mesh masu yaɗa Wi-Fi zuwa sauran ɗakuna, mafi kyau kuma a ja kebul ɗaya zuwa sama a sa wata na'urar a can. Kebul na Cat5e ma ya isa, yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100.

Ɗan Auta: Injiniya, na ji, amma ai 900 ba ta cutarwa. Wasannin yanzu wani ya haura gigabait 100. A 150 sai ka yi awa ɗaya da rabi kana jira, a 900 kwata ɗin awa ya isa. Ga ping kuma.

Injiniya Mai Kebul: Lissafin saukewarka daidai ne ƙanina, tunda bit 8 ke yin bait 1: 150 tana ba ka kusan megabait 19 a daƙiƙa, 900 kuma wajen 112. Sharaɗin shi ne na'urar tana kan kebul, kuma inda kake saukowa daga gare shi ya yarda ya ba ka wannan saurin. Sau nawa kake sauke irin wannan wasan a wata?

Maganar ping kuwa, wato lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je ya dawo, ka bar ta, ba a sayenta da ƙarin megabit. Haske a cikin gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato duk kilomita 100 tsakaninka da uwar garke yana ƙara maka kusan milisakan 1 zuwa da dawowa, ko 150 ka saya ko 900. Abin da ke bambanta kamfanoni a nan shi ne hanyar da suke bi da bayananka da inda suke haɗuwa da sauran netwok. Wannan kuma ba a rubuta shi a talla, sai dai ka tambayi maƙwabcin da ke amfani da su ya gwada maka.

Ɗan Auta: Ni dai har yanzu ban ga wanda aka ba babba a farashin ƙarami ya ce a'a ba.

Maman Sadik: Ɗan Auta, kai saukewa kake kallo, mu masu aiki daga gida ɗorawa muke kallo. Baban Ilham, lambar da ta ja hankalina a gwajinka ita ce 29 ɗin nan. Darasin kai tsaye ba ya cin komai, Zoom ko a bidiyo mafi kyau bai kai megabit 5 ba, Netflix ma 15 suke cewa ta isa kallon 4K. Amma in matarka tana naɗar darasi ta ɗora, ga wayoyin mutum shida kowace tana tura hotunanta ma'ajiyar intanet, 29 takan cika. In ɗorawa ta cika kuwa, komai na gidan sai ya yi ta sheshsheƙa, muryarta ta riƙa yankewa a aji ko da saukewa tana zaune ba mai taɓa ta. Ni da na koma kamfanin da ɗorawarsa daidai take da saukewa, nan na ga bambanci, ba a kallo ba. Ka tambayi sababbin nan nawa ce ɗorawarsu. In ɗan tallan ya fara kame-kame, ka san amsar.

Baban Ilham: Na duba shafinsu, Maman Sadik. Daidai wa daida ne: 150 da 150, 500 da 500, 900 da 900.

Injiniya Mai Kebul: Alama ce ta suna kan sabon tsari. Yawancin faibar gida rabawa ake yi: zare ɗaya ya fito daga cibiya, a raba haskensa ga gidaje kamar 32, wani wurin 64. Tsohon tsarin, GPON, yana da kusan gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na ɗorawa, duk gidajen nan ke rabon sa, shi ya sa masu shi ke ƙanƙame ɗorawa. XGS-PON, wanda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta amince da shi a 2016, kusan gigabit 10 ne kowane ɓangare. Rabon ba abin tsoro ba ne, don ba a taɓa samun kowa yana ja da ƙarfinsa a daƙiƙa ɗaya, amma yana da kyau mutum ya san 900 ɗin ba tasa ce shi kaɗai a ajiye ba. Ka nemi mafi ƙarancin saurin da suka lamunce a rubuce, da abin da zai faru in sun kasa cika shi.

Wani abu kuma game da sababbin kamfanoni, Baban Ilham, kana da kyamarar tsaro da kake kallo daga waje? Ko wata na'ura a gida da kake shiga daga ofis?

Baban Ilham: Akwai kyamarori, da akwatin naɗarsu. Ina duba su ta waya in na yi tafiya.

Injiniya Mai Kebul: To ka tambaye su ko suna amfani da CGNAT. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, kusan biliyan 4.3 ne gaba ɗaya, kuma babbar ma'ajiyarsu ta ƙare tun Fabrairun 2011. Tsofaffin kamfanoni sun kwashi rabonsu da wuri, sababbi sai su saya da tsada, don haka sukan haɗa gidaje da yawa a kan adireshi ɗaya. Mai kallo da lilo ba zai taɓa lura ba. Amma mai son a shigo gidansa daga waje kai tsaye, kamar wasu akwatunan kyamara da wasu wasanni, zai iske ƙofa a rufe. In kyamarorinka ta manhajar kamfaninsu suke bi, yawanci ba matsala. In kuwa wanda ya haɗa maka ya buɗe ƙofa ne a rauta, sai ka nemi adireshi naka na kanka, wasu suna bayarwa da ɗan ƙarin kuɗi. Ka sa shi cikin lissafin Malama. Ka kuma tambayi IPv6, sabon tsarin adireshin. Gane CGNAT ba wuya: in adireshin waje da rauta ke nunawa ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kana ciki.

Ɗan Auta: Wannan kam ya taɓa ni. Abokina yana kan irin wannan, kullum na'urar wasansa tana ce masa NAT ɗinsa a tsuke yake.

Dattijo: Duk na ji. Tarhon gida fa? Lambata ta fi wasunku shekaru, 'yan'uwa duk ita suka haddace.

Injiniya Mai Kebul: Baba, faiba ba ta ɗauke da layin tarho irin na da. Tarhon a bayan rauta ake soka shi, kiran ya bi ta intanet. Ana iya ɗauko tsohuwar lamba, amma dole a faɗa tun wajen yin oda, kuma kada a rufe tsohon layi kafin lambar ta ƙaura, in ba haka ba tana iya salwanta. Wasu kamfanonin ma ba sa ba da tarho sam. Abu na biyu ya fi muhimmanci ga masu shekaru: tsohuwar wayar jan ƙarfe tana kawo 'yar wutarta daga cibiya, shi ya sa tarho ke aiki ko an ɗauke wuta. Gilashi ba ya ɗaukar lantarki. Wuta ta tafi, akwatin bango da rauta sun mutu, tarho ya bi su. Maganin ƙaramin batir ne na ajiya, tunda su biyun ba su da ci, yawancinsu a kan volt 12 suke. Mai na'urar kiran agajin gaggawa ko ƙararrawar ɓarayi da ke bin layin tarho, ya fara tuntuɓar masu na'urar kafin ya sauya. Kuma zama a tsohon layin ba mafita ba ce ta dindindin, ƙasashe suna ta kashe shi, Birtaniya ta sa ƙarshen Janairun 2027.

Dattijo: Ikon Allah. Wato ko ban je ba za a zo a same ni.

Gwanin Ciniki: Baban Ilham, kafin ka yanke, kira kamfaninka na yanzu. Kada ka tsaya wajen masu amsa tambaya, ka ce sashen masu barin kamfani kake nema, su ke da ikon rage farashi. Ka karanta musu tayin da ke hannunka, adadi da adadi, ka yi shiru. Ba faɗa, ba roƙo. Sai dai ka sani duk ragin da suka ba ka sabon kwantiragi ne, wata 12 ko 18 ko 24, ka sake ɗaure kanka ke nan.

Malama Mai Lissafi: Kuma a duba tarar fita. Wanda ya bar kwantiragi kafin wa'adi yawanci sai ya biya mafi yawan kuɗin watannin da suka rage. Mai shirin tashi daga gida nan kusa ya fi kowa buƙatar karanta wannan layin, don in sabon gidan ba wayarsu, wasu kamfanonin ba ruwansu, tara za su caje ka. A Tarayyar Turai doka ta hana kwantiragin farko ya wuce wata 24, amma ni ko 24 ɗin ina ganin ya yi tsawo ga kamfanin da ba ka taɓa gwadawa ba. In akwai na 12, ko da ya ɗan fi tsada, shi zan ɗauka.

Gwanin Ciniki: A nan mun rabu, Malama. In farashin a kulle yake ba ƙari, doguwar yarjejeniya kariya ce gare ni, ba ɗauri ba.

Malama Mai Lissafi: In a kulle yake. Ka nuna mini a rubuce sai in bi ka.

'Yar Haya: Don Allah in ɗan tsoma baki, ni a gidan haya nake, bene ne mai ɗakuna da yawa. Na yi oda, aka sa rana, ma'aikata suka zo suka ce ba za su huda bango ba sai da takardar izinin mai ginin. Ni kuma na riga na sanar da tsohon kamfanina ranar rufewa. Suka rufe a ranarsu, mai gida bai sa hannu ba sai da aka kai ruwa rana. Da intanet ɗin waya na yi ta lallaɓa aiki. Duk wanda ba gidansa ba ne ya fara da mai gida.

Maman Sadik: Sannu ƙanwata, wannan shi ne sakin reshe a kama ganye. Ranar da kamfani ya sa maka alkawari ce kawai. Bututun ƙasa yana iya toshewa, sanda tana iya cika, ma'aikaci yana iya ƙin zuwa. Gara ka biya wata ɗaya a wuri biyu.

Injiniya Mai Kebul: Sai dai a lura, tsarin sauyawa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya tun 12 ga Satumbar 2024 akwai One Touch Switch: sabon kamfani kawai za ka yi wa magana, shi zai sanar da tsohon, tsohon ya aiko maka da bayanin abin da za ka rasa da tarar da ke kanka in akwai, kuma ba a rufe shi sai sabon ya kama. A irin wannan tsarin, in ka je ka soke da kanka ma kana iya dagula lamarin. Inda babu shi kuwa, kai ne za ka haɗa ranakun: sabo ya kunna, ka gwada da kebul, sannan ka ba tsohon sanarwa, kana sane da cewa da yawa suna neman ta kwana 30. A Birtaniya da Tarayyar Turai akwai kuma kwana 14 na janyewa ga abin da aka saya ta waya ko ta intanet ko a bakin ƙofa. Ka tambaya daga wace rana suke fara ƙirgawa, don in daga ranar oda ne, suna iya ƙarewa ba a ma haɗa maka ba.

Maman Sadik: Ƙarin biyu daga gare ni. In imel ɗinka na kamfanin intanet ɗin ne, ka kwashe banki da makaranta da komai zuwa wani tun yanzu. Sannan ka sa wa sabuwar rauta suna da kalmar sirri irin na tsohuwar sak, talabijin da firinta da wayoyi duk za su hau da kansu. Tsohuwar rautar kuma in sun ce a mayar, ka mayar ka ajiye rasit.

Baban Ilham: Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Na kira kamfanina kamar yadda Gwani ya ce, sun sauko sosai, har sun kusa kamo sababbin, amma ɗorawa sun ce ba ta wuce abin da nake da shi sai na hau babban tsari, kuma akwai ƙarin shekara a ciki. Sababbin sun turo mini a rubuce cewa ba ƙari har wa'adi ya cika. CGNAT suna da shi, adireshi na kaina da ɗan ƙari ne, na sa a lissafi. Na tambayi maƙwabta biyu da suka riga ni, ɗaya ya ce an taɓa yanke musu waya an gyara washegari, ɗayan bai da ƙorafi. Na ɗauki 150 da 150 na wata 12, rarar kuma zan sayi mesh in ja kebul zuwa sama. Tsohon yana nan sai sabon ya kama.

Ɗan Auta: Yaya, 150 kuma? Aka kawo maka 900 har gida! Ko 500 ai ka ɗauka saboda yara.

Malama Mai Lissafi: Hawa sama a tsakiyar kwantiragi ba kamfanin da ke hana ka, Ɗan Auta, da murna za su karɓa. Saukowa ce ba sa yarda.

Dattijo: Jikata ta duba, Gwani. Ba zan faɗi abin da ta gani ba a cikin mutane. Turo mini yadda ake neman wancan sashen.

Baban Ilham: Injiniya, saura tambaya ɗaya. Ranar da za su zo, ina zan ce su kafa akwatin? Tsohon kuma in cire shi?

Injiniya Mai Kebul: Kada ka bari su zaɓa maka, don inda ya fi musu sauƙi za su sa, galibi bangon da ya fi kusa da titi. Ka zaɓi wuri mai soket biyu, wanda za a iya jan kebul daga gare shi zuwa tsakiyar gida, ka nuna musu tun kafin su ɗauko na'urar huda, tunda matsar da shi daga baya aiki ne na kuɗi. Ba dole rauta ta zauna kusa da akwatin ba, kebul ne ke haɗa su. Siririyar wayar kada a lanƙwasa ta sosai ko a danne ta da kujera, kuma a hana yara zare kan nan kore su leƙa, hasken ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa illa. Kafin ma'aikacin ya tafi ka yi gwaji da kebul a gabansa, ka kuma karɓi bayanan shiga in kana son sa rautarka ta kanka, wasu layukan suna neman sunan PPPoE ko lambar VLAN. Tsohon akwatin kuwa ka bar shi a bango, yawanci mallakin masu wayar ne. Cire masa wuta kawai. In wata 12 ta cika ka ga ba su yi maka ba, da shi za ka koma ba tare da an sake huda ba.